Ƙyallen Rawaya a Barandar Tokuda

Garinmu Matsudo gari ne da ake kwana a cikinsa, ba a wuni. Kogin Edo ne kaɗai ya raba mu da Tokyo, kuma kowace safiya jirgin ƙasa zai kwashe masu jini a jika ya haye gada da su, sai dare ya yi ya dawo da abin da ya rage daga jikinsu. An ce mun kusa rabin miliyan. To, wanda ya yi ƙirgar da dare ya yi ta. In ka hau tudu da hantsi ka shiga rukunin benayen da Nagase Fumiyo take zaune, tsofaffi kawai za ka tarar da hankaki, kuma hankakin sun fi surutu.

Fumiyo ta zo nan tana amarya, shekara sittin da suka wuce ko kusa da haka. A lokacin mutanen garin duka ba su wuce dubu ɗari da wani abu ba. Can ƙasa bakin kogi akwai tsohon gari, zangon matafiya masu zuwa Mito tun zamanin masu takobi, da fadamun shinkafa kewaye da shi. Nan sama kuwa daji ne da gonakin nashi, wannan ɗan itacen mai ruwa da muke tinƙaho da shi. Aka sare dajin, aka jera benaye masu hawa biyar-biyar kamar an jera sandunan sabulu, aka ce sai wanda ya ci ƙuri'a zai samu ɗaki. Mijinta Kenzo ya ci. Ranar da suka tare, ba murhun gas ne ya fi burge ta ba, ba kuma banɗakin da ba sai an haɗa da kowa ba. Ƙofar ce. Ƙofar ƙarfe mai nauyi, mai makulli. A ƙauyensu kowa ya san abin da kowa ya dafa da abin da ya ƙone, nan kuwa in ka ja ƙofarka ka rufe, shi ke nan, ba mai leƙo ka. Ta yi ta buɗewa tana rufewa har Kenzo ya ce ta bari, maƙwabta za su zaci faɗa ake.

Ta fi sanin ƙeyar mijin nan nata fiye da fuskarsa. Da sassafe za ta durƙusa a bakin ƙofa, inda ake cire takalma, ta miƙa masa ƙunshin abincin rana ta ce, "A dawo lafiya." Zai ce, "Na tafi," ya juya. A daidai lokacin matan matakalar duka abin da suke yi ke nan, sai ka ji ƙofofin ƙarfe suna buguwa daga hawa na biyar har ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan gari ya zama na mata da yara. Yara kuwa har sun yi wa makaranta yawa, sai da aka kafa wasu azuzuwan a filin wasa. Yau makarantar nan a rufe take, ciyawa ta kai gwiwa. Ɗanta guda yana can Sapporo, yana bugo waya in an shiga sabuwar shekara. Shi kuwa Kenzo da ya ajiye aiki bai daɗe ba ya rasu, sai ka ce bai san abin da ake yi da rana a Matsudo ba.

Abin da aka san Fumiyo da shi a rukunin nan shi ne ƙyallen rawaya. Asalinsa ba daɗi. Wani bazawari ne a benen da ke kallon nasu ya mutu a ɗakinsa, ba wanda ya sani sai da ƙudaje suka yi baƙi a jikin gilashin tagarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aka kira taro, Fumiyo ta miƙe, ita da ba ta taɓa magana a taro ba, ta ce a riƙa ƙwanƙwasa wa tsofaffi ƙofa kowace safiya a ji lafiyarsu.

Sai Tokuda Shigeo ya yi gyaran murya, mutumin da ke zaune a hawa na huɗu, daidai saman kanta.

"Nagase-san, kin yi tunani mai kyau," in ji shi, wanda a bakin mutanenmu ma'anarsa kin yi shirme. "Amma mu da muka baro ƙauye don mu huta da sa ido, yanzu da furfurarmu za a riƙa zuwa ana duba mu kamar jarirai? Ni ba na son in ɗora wa kowa wahala."

Kowa ya gyaɗa kai. Wannan magana ta ɗora wa mutane wahala, a wajenmu ta fi ciwo ban tsoro, har ma ta fi mutuwa. Fumiyo ta koma gida ta yi ta juya abin, ta dawo da wata dabara. Kowane ɗaki za a ba shi ƙyalle ruwan ɗorawa. In ka tashi lafiya ka rataya shi a baranda, da yamma ka ɗauke. Masu zagaye za su bi ta ƙasa su ɗaga kai. In babu ƙyalle, a hau a duba. In akwai ƙyalle, ta yi alkawari da bakinta a gaban kowa, ba wanda zai taɓa maka ƙofa. Da wannan alkawarin ne Tokuda ya yarda, sauran suka bi. Ita ta sayo yadin, ita ta yi musu kalmasa da kekenta.

Kuma abin ya yi aiki, gaskiya dai gaskiya ce. Akwai tsohuwar da ta faɗi ta karya ƙugu, aka same ta tun shayinta bai huce ba. Daga ranar Fumiyo ta ɗauki ƙyallen nan kamar likita. Tana zagayenta kullum tare da Obata, wani tsohon direban bas mai dogara sanda, wanda bakinsa bai ajiye aiki tare da shi ba. Shi ke kiranta Shugaba.

Tokuda mutum ne mai wuyar zama. Ya yi aikin ofis a Tokyo har ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo ya naɗa kansa sarkin shara. Ranar da ake fitar da shara mai ƙonuwa za ka same shi tun da wuri a gindin ragar da ake rufe shara da ita yana korar hankaki yana leƙa ledojin mutane. In ya ga gwangwani a inda bai kamata ba, zai ɗauki ledar ya kai maka har ƙofa, ya rusuna, ya ba ka haƙuri, ka ji da ma marinka ya yi. Matarsa Kinuyo ƙawar Fumiyo ce ta matakala, tare suka yi goyo. Amma an daɗe ba a ganinta a waje. Shi ke cefane, shi ke shanya, in an tambaye shi ya ce, "Gwiwa ce, kun san matakalar nan." Ba wanda ya ƙara tambaya, don an ba ka amsa, me kuma kake nema?

A ƙarshen bazarar nan, lokacin da zafi ke fitowa daga kwalta kuma gyare ke ta kuka a bishiyoyi kamar ana yanka ƙarfe, wata safiya ta shara Fumiyo ta sauko ta tarar da hankaki sun ɗaga raga sun yi watsa-watsa da ledoji. Babu Tokuda. Ta ɗaga kai. Ƙyallen rawaya na nan a hawa na huɗu, a rataye tsaf.

"Yau sarki ya makara," in ji Obata. "Ki bar hankaki su ma su ci sallarsu."

Ta yi dariya, ta share wurin da kanta.

Da rana tana zaune gaban fanka sai ta ji ana buga bututun ruwa. Ƙwam, ƙwam, a dakata, sannan a sake. Bututun benayen nan sun tsufa tare da mu, suna tari, suna kuka, wani lokacin har gurnani suke in wani ya buɗe famfo a ƙasa. Ta kasa kunne, ya daina. Can ya dawo. Sai ta lura da wani abin kuma. Shekara da shekaru tana jin tafiya iri biyu a saman kanta, ta Tokuda mai nauyi da jan ƙafar hagu, da ta Kinuyo mai sauƙi kamar ta kyanwa. Yau ta kyanwar kaɗai take ji.

Washegari ƙyallen na nan. Ta tsaya a ƙarƙashinsa har wuyanta ya gaji.

"Obata-san, ka ga Tokuda-san jiya?"

"Ban gan shi ba, kuma ban yi kewarsa ba. Me ya faru?"

"Ba na jin tafiyarsa."

"Kai, Shugaba! Ashe har tafiyar mijin mutane kike ƙirgawa? Bari Kinuyo-san ta ji." Ya nuna sama da sandarsa. "Ga ƙyalle can. Wa ya kafa dokar? In kika hau kika taɓa ƙofar mutumin nan, gobe zai tara taro ya ce an saɓa alkawari, rabin mutane su jefa ƙyallayensu a shara. Kuma a ledar da ta dace zai sa su jefa."

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙara damunta. Tsoro take ji, tsoro sosai, amma ba ta da abin da za ta nuna wa mutum ta ce ga dalilinsa.

Da yamma ta samo hanya. Duba mutum ne aka hana, ba a hana kai wa maƙwabci abin marmari ba. Ta sauka bakin hanya inda ragowar wata gonar nashi ta maƙale tsakanin wurin ajiye motoci da kantin magani, ta sayo manya, ta zaɓi masu kyau ta sa a leda. Ta hau har hawa na huɗu tana hutawa, ta danna ƙararrawa.

Kinuyo ce ta buɗe. Ta rame, amma gashinta a gyare, ga rigar girki fes a jikinta.

"Af, Nagase-san! Sannu da zuwa. Yaya yaron? Ya warke daga tarin?"

Yaron da ake magana, ɗan Fumiyo, ya kusa ajiye aiki. Fumiyo ta ɗauka wasa ne na tsofaffin ƙawaye, ta ce ya warke. Ta miƙa ledar ta ce ba wani abin kirki ba ne, an ba ta ne sun yi mata yawa. Kinuyo ta ce haba, ai an sha wahala. Suka rusuna wa juna. Sannan Fumiyo ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Maigida fa? Kwana biyu ban gan shi ba."

"Yana wajen aiki. Kin san su, sai jirgin ƙarshe. Kamfanin nan zai kashe min shi."

Ta faɗe shi da murmushi, da irin muryar da matan matakalar nan suka yi shekaru suna faɗa wa juna wannan maganar. Fumiyo ta sunkuyar da ido don kada fuskarta ta nuna, sai idon ya sauka a kan takalma. Takalman Tokuda ne ruwan ƙasa, waɗanda ba ya fita sai da su, an goge su, an juya bakinsu waje kamar yadda mace ke shirya wa mai fita da safe.

Ƙwam, ƙwam. Ya fi na jiya rauni, kuma a nan ya fi kusa, ko kuwa kunnenta ne. Bututu ba ya gaya maka daga inda aka taɓa shi.

"Kin ji ko?" in ji Kinuyo, ta rage murya. "Tun ɗazu ake yi. Daga wajenki ne? Gyara kike? Kada ki damu fa, ba ya damunmu ko kaɗan."

To, a nan ne. Wata 'yar wani garin da ta ture matar nan ta shige ciki da takalmanta. Amma Fumiyo tamu ce. A gabanta ga ƙawa wadda gigin tsufa ya cinye, ga miji da ya ɓoye abin shekaru yana cewa gwiwa ce don kada a ga tsiraicin gidansa. In ta ce, "Kinuyo-san, mijinki ya daɗe da barin aiki," ta yaye musu zane su biyun. In ta shiga ba a ce ta shigo ba, ta karya alkawarin da ta ɗauka. Wataƙila yana asibiti, wataƙila yana da wasu takalman, wataƙila yana kwance a ciki yana jin ta, yana cizon haƙora don an zo masa ƙofa. Ta tattara waɗannan wataƙila duka ta riƙe. Bakinta ya ce, "Ki gafarce ni da surutun." Ta rusuna, ƙofar ƙarfen ta rufe.

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga. Me za ta ce wa masu motar asibiti? Na ga takalma? A tara mota da jiniya a tsakar rukuni, kowa ya leƙo ta baranda, sannan Tokuda ya fito da ƙafarsa ya tambayi wa ya kira? Ta ce wa ranta gobe da safe, in babu ƙyalle, doka ta ba ta hanya. Har roƙo ta yi a zuciyarta kada a rataya shi.

Gari ya waye, ta sauko tun Obata bai gama fitowa ba. Ƙyallen na nan, iska na ɗan kaɗa shi. Tana kallo Kinuyo ta leƙo ta gyara masa zama, ta ɗago mata hannu. Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ƙyallen bai taɓa cewa mutanen ɗakin suna lafiya ba, abin da yake cewa kawai akwai hannun da ya saba rataya shi. Kuma tun da ta farka bututun bai yi motsi ba.

"Obata-san, zo mu hau."

"Shugaba, ga ƙyalle fa."

"Na gani. Ni na ɗinka shi. Zo mu hau."

Bai ƙara wasa ba, don ya ga fuskarta. Kinuyo ta buɗe musu da fara'a, ta ce maigida yanzun nan ya fita. Fumiyo ta ce, "Ki yi haƙuri, zan shigo," ta cire takalmanta, ta wuce ta gefenta. Shekara kusan sittin suna maƙwabtaka, sau nawa ma ta taɓa taka cikin ɗakin nan. A kan teburin cin abinci ga ƙunshin abincin rana har uku a jere, kowanne an ɗaure shi da kyau, warin shinkafar da ta lalace ya cika wurin. Ga nashin da ta kawo jiya a gefe, an fere ɗaya an yanka, an sa a faranti da cokali biyu.

Ƙofar wurin wanka irin mai naɗewa ciki ce. Ta tura, ta ƙi. Wani abu mai nauyi ne ya tokare ta daga ƙasa. Obata ya ajiye sanda ya sa kafaɗa, ta ɗan buɗe, Fumiyo ta leƙa. Tokuda na kwance a kan gefensa tsakanin ƙofar da kwamin wanka, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe. Hannunsa ɗaya na miƙe wajen bututun da ke bin bango, da ƙaramin kwanon ɗiban ruwa a cikinsa. Bakin kwanon ya lotse.

Ta zura hannu ta taɓa wuyansa. Da sauran ɗumi.

Masu motar asibiti sun zo da wuri, ba a ce ba su yi ƙoƙari ba. Suka cire ƙofar, suka yi ta danna masa ƙirji, Fumiyo na tsaye tana jin lissafinsu. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ta ko an san yaushe ya faɗi. Ta juya ta dubi ƙunshin abincin da ke jere a kan tebur. Ya dubi abokin aikinsa ya ɗan girgiza kai, amma duk da haka suka ɗora shi a gadon ɗauka, don sai likita ne zai faɗi kalmar. Matakalar nan ba a yi ta don fitar da mutum a kwance ba, sai da suka karkata gadon kafin ya fita ƙofa. A waje kowace baranda da kai a cikinta, da ƙyallen rawaya a gefensa.

Kinuyo ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon baƙin mutane a ɗakinta da mamaki, har ta ga an nufi ƙofa da mijinta. Sai fuskarta ta washe, kamar wadda ta gane abin da ake ciki. Ta yi sauri ta ɗauko ƙunshin abinci ɗaya daga teburin, ta ɗora a gefen ƙafarsa, ta durƙusa a inda ake cire takalma, ta sunkuyar da kai.

"A dawo lafiya," in ji ta.

Obata ya juya fuskarsa bango. Suka ji ana sauka da shi hawa-hawa, suka ji an rufe mota, jiniya ta yi nisa ta nufi ƙasan tudu. Kinuyo ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa, ta gyara zaman takalman ruwan ƙasa. Sannan ta karkata kai tana saurare, ta dubi Fumiyo da murmushi irin na maƙwabciyar kirki.

"Nagase-san, yau bututun ya yi shiru. Ke kika sa aka gyara ko? Kai, mun ɗora miki wahala. Mun gode ƙwarai."

Fumiyo ta so ta yi ihu, ta so ta faɗi ƙasa. Amma jikinta ya riga ya rusuna, ta ji muryarta na fita da kanta, a tausashe, yadda aka koya mata tun tana yarinya.

"Haba, ba komai."